In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Ƙarar Injuna da Kunnen Magina a Ƙasar Jega

Gabatarwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero ta shiga Jega, sannan ta miƙa Maiyama da Koko, zai ga yadda sana'ar gini ta sauya kama a wannan yanki. A da, magini da laka da tubali da azara yake aiki, kuma babu abin da ake ji a wurin gini sai muryar masu miƙo ƙasa da ta maigida mai ba da umarni. Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, balle kuma bayan kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, siminti da rodi da kwano suka mamaye aikin, har a ƙananan garuruwa irin su Birnin Malam. Su kuwa waɗannan kaya ba su zo su kaɗai ba. Sun zo da injin buga bulo, da injin kwaɓa kankare, da injin yankan ƙarfe da tayil, da janareta, da katafila da rola na masu aikin hanya.

Haɗarin da kowa ya sani a wurin gini shi ne faɗowa daga tsani, ko rushewar bango, ko yankan ƙarfe, domin waɗannan ido na ganin jininsu. Akwai kuma wani haɗarin da ba ya zub da jini, ba ya sa raɗaɗi, amma yakan raba mutum da ɗaya daga cikin manyan ni'imomin da aka yi masa, wato ji. Wannan maƙala za ta duba yadda ƙara ke lalata kunne, da kuma wata dabarar kariya da ta bunƙasa a ƙasashen da suka ci gaba a masana'antu, wato matoshin kunne da ake ƙerawa daidai da awon kunnen mai shi.

Tsohuwar cuta ce

Ba yau aka fara lura da cewa sana'a na iya kurumtar da mai ita ba. Wani likitan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i a 1700, kuma a bugun da ya faɗaɗa a 1713 ya yi bayanin maƙeran tagulla na birnin Venice, waɗanda ke wuni suna dukan ƙarfe har jinsu ya yi rauni, idan kuma suka tsufa a sana'ar sai su kurumce. A 1886 wani likita a birnin Glasgow, Thomas Barr, ya gwada jin mutum 100 masu ƙera manyan tukwanen tururi na ƙarfe, ya tarar da ƙyar ake samun mai lafiyayyen ji a cikinsu.

A zamanin nan lamarin ya ƙara faɗi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna cewa mutum fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke da wani mataki na raunin ji, kuma kimanin miliyan 430 daga cikinsu na bukatar taimakon masana. Wani rahoton hukumar na 2024 ya ƙiyasta masu raunin ji a yankinta na Afirka da kimanin miliyan 40. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2005 ya ɗora kimanin kashi 16 cikin 100 na raunin ji mai nakasa manya a duniya a kan ƙarar wurin aiki. Wannan kaso kuwa, ba kamar kurumtar gado ko ta tsufa ba, kusan dukkansa ana iya kauce masa.

Yadda kunne ke ji

Sauti ba wani abu ba ne illa girgizar iska. Idan guduma ta daki ƙarfe, ƙarfen zai kaɗa, ya kaɗa iskar da ke kewaye da shi, girgizar ta yi ta tafiya har ta isa kunne. Daga nan sai ta bi ramin kunne, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita biyu da rabi, ta bugi dodon kunne, wato wata siririyar fata da ke shimfiɗe kamar fatar kalangu. A bayan dodon akwai ƙananan ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, su ke ɗaukar girgizar su miƙa ta ga kunnen ciki.

A can ciki akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta aka jera ƙwayoyin halitta masu siraran gashi a kansu, kimanin 15,000 zuwa 16,000 a kowane kunne. Idan ruwan ya motsa sai gashin ya lanƙwasa, ƙwayar ta aika da saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, a nan ne mutum zai ce ya ji. Masanin nan ɗan asalin ƙasar Hungary, Georg von Békésy, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1961 saboda ya nuna cewa kowane sashe na katantanwar yana da irin sautin da yake amsawa: bakinta na amsa sirarun sautuka masu kaifi, ƙuryarta kuma na amsa masu kauri.

Abin lura a nan shi ne, da waɗannan ƙwayoyi aka haifi mutum, kuma wadda ta mutu ba ta da magajiya. A ƙarshen shekarun 1980 masana sun gano cewa tsuntsaye kan sake tsirar da nasu idan sun lalace, amma ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba a ba su wannan baiwa ba. Har yau babu ƙwaya ko allura ko tiyatar da ke mayar da su.

Ma'aunin ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, wanda aka samo sunansa daga Alexander Graham Bell. Hira ta yau da kullum tana kai kimanin desibel 60. Injin yankan ƙarfe yakan kusanci 100 ko ya wuce, injin fasa kankare kuwa yakan zarce haka. Sai dai wannan ma'auni yana da wata ɗabi'a da ke ruɗin mutane, domin ba kamar mudu yake ba da za a ce biyu ninkin ɗaya ne. Duk ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu, ƙarin desibel 10 kuwa ninki goma ne. Alal misali, idan aka kunna injuna biyu kusa da juna, kowanne na ba da 90, abin da za a auna shi ne 93.

A 1998 cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85. Idan ƙarar ta kai 88 sai lokacin ya koma awa 4, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15 kacal. Ma'ana, saurayin da ya ɗauki injin yankan rodi da hantsi yana iya cinye rabonsa na ƙarar yini guda tun kafin ya gama yanka ƙarfen ginshiƙi ɗaya. Ga wanda ba shi da na'urar awo akwai gwaji mai sauƙi: idan sai mutum ya ɗaga murya kafin abokin aikinsa da ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare shi ya ji shi, to ƙarar wurin ta kai matakin haɗari.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Ma'aikacin da ya wuni a gindin injin bulo yakan koma gida da yamma yana jin kunnensa kamar an cusa masa auduga, wani lokaci da wani siririn ƙugi a ciki. Kafin gari ya waye sai abin ya washe, shi kuwa ya ɗauka ba komai. Misalin abin da ke faruwa a ciki kamar ciyawa ce a gefen gona: idan aka taka ta sau ɗaya za ta kwanta, ta kuma miƙe. Idan kuwa garke ya riƙa bi ta kanta safe da yamma, wata rana wurin zai zama burtali, ko damina ta zo ba abin da zai tsiro. Bugu da ƙari, binciken da Sharon Kujawa da Charles Liberman suka buga a 2009 ya nuna, a jikin ɓeraye, cewa ko da ji ya dawo bayan ƙara mai tsanani, wasu mahaɗan jijiya sun riga sun tsinke har abada.

Ɓarnar takan fara ne a sashen da ke amsa sautin da ke kaɗawa kimanin sau 4,000 a sakan ɗaya, kuma ta fi sauri a shekaru 10 zuwa 15 na farkon aiki, wato daidai lokacin ƙuruciya da mutum ke ganin babu abin da zai same shi. Wannan sashe shi ke taimakawa wajen rarrabe baƙaƙe marasa ƙarfi irin su s da sh da f da ts. Wasula da karin sauti kuwa suna da kauri, don haka sukan tsira. Sakamakon haka mutum na jin murya sarai, amma sara da shara da fara da tsara duk sun zame masa ɗaya. Zai riƙa cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana. A kasuwar Jega ciniki zai gagare shi saboda hayaniya, a masallaci huɗuba ta riƙa kuɓuce masa, a gida kuma ɗansa ya ce "Baba, abinci ya sauka" har sau uku, uwargida ta zaci fushi yake yi. Da yawa daga masu wannan hali sukan janye daga majalisa don kunyar yawan cewa "Na'am?" Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka, domin ta kunne ake karɓar labarin magabata. Wanda ya rasa shi ya yi asarar da ta wuce ta jiki.

Akwai kuma abubuwan da ke haɗuwa da ƙara su tsananta ɓarna. Wasu magunguna, irin su allurar jentamaisin da sitireftomaisin, suna iya cutar da kunnen ciki, haka ma tururin wasu sinadaran da ake tsinka fenti da su. Saboda haka ya kamata ma'aikaci ya gaya wa likita irin aikin da yake yi kafin a rubuta masa magani.

Matosai iri-iri

Abin da aka fi gani a wuraren gini, idan ma an ga wani abu, shi ne auduga ko ƙyalle ko takarda a kunne. Waɗannan ba su tare ƙara sai kaɗan, domin iska na ratsa su, kuma duk inda iska ta bi sauti zai bi. Kariya ta gaskiya iri uku ce. Akwai marufin kunne mai kama da kofuna biyu da ake ratayawa a ka. Yana aiki sosai, amma a zafin bazarar Kebbi, da yakan haura digiri 40, gumi kan sa a cire shi. Akwai matoshin soso, wanda Ross Gardner ya ƙirƙiro a Amurka a 1972. Yana da araha, kuma idan an sa shi daidai yana cikin mafi ƙarfin kariya. Ana murza shi ya sirance, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama da baya, a tura shi ciki, a riƙe na kamar rabin minti har ya kumbura.

Matsalar ita ce, ba kowa ke sa shi haka ba. Akasari ana maƙala shi ne a bakin kunne, rabinsa a waje. Shi ya sa cibiyar NIOSH ta ba da shawarar a zubar da rabin adadin kariyar da aka rubuta a jikin kwalin matoshin soso idan ana lissafin abin da ma'aikaci ke samu a zahiri. Ga kuma hannun birkila da ke cike da siminti, wanda ke cin fata, kuma da shi zai murza soson ya cusa a kunne.

Matoshin awo

Iri na uku shi ne wanda ake ƙerawa don mutum guda. Kamar yadda rigar da tela ya auna ta fi ta kanti zama a jiki, haka matoshin awo yake. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu, kuma faɗinsa da siffarsa sun bambanta daga mutum zuwa mutum, kai har tsakanin kunnen dama da na hagu.

Ga yadda ake yin sa. Da farko masanin ji zai haska kunnen da fitilar duba kunne, ya tabbatar babu dauɗar da ta toshe shi, babu ciwo ko ruwa, kuma dodon kunne bai huje ba. Sai ya tura wani ɗan guntun soso mai zare a jiki zuwa can bayan lanƙwasa ta biyu, domin ya tsare dodon kunne. Daga nan ya matsa wani kwaɓi mai laushi na silikon ya cika ramin da kwarin kunnen waje. Cikin 'yan mintoci kwaɓin zai daskare, a zaro shi ɗauke da siffar kunnen, kamar yadda bulo ke fitowa da siffar abin buga shi. Wannan samfuri ake aikawa ɗakin ƙira. A yau sau da yawa na'ura ce ke ɗaukar hotonsa ta kowane ɓangare ta shigar a kwamfuta, wata na'urar kuma ta gina matoshin daki-daki. Wajibi ne a jaddada cewa wannan aiki na wanda ya koya ne. Kwaɓin da ya zarce ta hujajjen dodon kunne sai da tiyata ake fitar da shi.

A cikin matoshin akan huda siririyar kafa a sa mata matacin sauti. Shi wannan mataci ana zaɓensa daidai da ƙarar wurin aikin, ya rage ta zuwa tsakanin desibel 70 da 80 a cikin kunne, ba tare da ya shafe murya ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurin gini, domin leburan da ya toshe kunnensa ɗungurungum ba zai ji tifa na ja da baya ba, ba zai ji an ce masa "Kauce!" daga saman bene ba. Kariyar da ta wuce kima ita ma haɗari ce.

Ya kamata a faɗi gaskiya: matoshin awo bai fi soson da aka sa daidai tare ƙara ba. Fifikonsa a wani wuri yake. Hanya ɗaya kawai yake shiga, don haka da wuya a sa shi ba daidai ba. Ba ya matsa kunne, ana wanke shi da ruwa da sabulu, yana da ɗan mariƙi da igiya, kuma yakan yi shekaru ana amfani da shi. Dalilin da ya sa waɗannan suka zama abin dubawa yana cikin lissafi. A ɗauka matoshi na rage desibel 25. Idan aka cire shi na minti 30 kawai a cikin ƙara, a aikin awa 8, kariyar yinin gaba ɗaya za ta faɗo zuwa kimanin desibel 12. Idan aka cire na awa 1 sai ta koma 9. Ashe ke nan matoshin da ya fi kowanne shi ne wanda ma'aikaci zai yarda ya bari a kunnensa tun daga kunna inji har kashe shi. Duk da haka, bayan an karɓo shi sai an gwada an tabbatar ba ya yoyon sauti, kuma a sake gwadawa lokaci-lokaci, domin kunne na canzawa idan mutum ya yi ƙiba ko ya rame.

Doka da halin da ake ciki

Nijeriya ba ta rasa dokoki a kan wannan batu ba. Hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara na 2009. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ambaci raunin ji da aiki ya haddasa a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, ta hannun asusun NSITF da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kuɗi. Amma mafi yawan masu gini a ƙauyuka da ƙananan garuruwa 'yan aikin yini ne, da yamma ake sallamarsu, babu takarda, babu rajista. Kuma ko an biya diyya, kuɗi ba ya sayo ji.

Masana kunne ma a manyan birane suke, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Leburan Birnin Malam ba zai bar aikin yini ya tafi Kaduna awon kunne ba. Sai dai kayan ɗaukar samfurin kunne ba su fi cikin jaka guda ba, don haka masani ɗaya na iya zuwa wurin aiki ya auna ma'aikata da dama a yini. Manyan kamfanonin kwangila, irin masu aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024, wadda ta ratsa Jihar Kebbi, suna da halin yin haka ga direbobin katafila da rola da masu fasa kankare. Ƙungiyoyin magina da na masu buga bulo su ma suna iya haɗa kuɗi su gayyato masani, su fara da waɗanda suka fi kusa da inji.

Kafin a kai ga haka akwai matakan da ba su bukatar jira. Masana lafiyar ma'aikata na ɗaukar matoshi a matsayin katanga ta ƙarshe, ta farko ita ce rage ƙarar daga tushenta. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin mutum da inji ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6, saboda haka janareta da aka matsar daga mita 2 zuwa mita 8 ya yi sauƙi da kimanin 12. A gyara salansa, a ɗaure kusoshin da suka kwance, a canza faifan yanka da ya dakushe, a kange injin da jerin bulo, a riƙa karɓa-karɓa a kan aiki mai ƙara, a kuma yi hutu da sallah da cin abinci nesa da inji. A koya wa kowane sabon yaro sa matoshin soso tun ranar da ya fara aiki. Ɗaliban kimiyya da injiniya na Aliero kuwa suna da fagen bincike a ƙofar gidansu: auna ƙarar injunan bulo, da na niƙa, da na casar shinkafa, da na ban ruwan albasa, aiki ne da ƙaramar na'ura ke iya yi, kuma sakamakonsa zai amfani jama'ar yankin kai tsaye.

Kammalawa

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, amma kunnen magini kullum yake cikin gwaji. Sau da yawa akan ji tsohon ma'aikaci na alfahari cewa shi ya saba da ƙara, ba ta damunsa. A ilmance kunne ba ya sabawa da ƙara. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin da ke kai ƙorafin sun mutu. Maigidan da ke saya wa yaransa hular kwano da takalmin roba ya kamata ya sa kunne a cikin lissafi, kuma saurayin da ya fara jin ƙugi bayan tashi daga aiki ya san gargaɗi ne ya zo masa tun da sauran abin tsarewa. Ginin da ya tsage ana iya rushe shi a sake, amma katantanwar kunne sau ɗaya ake gina ta. Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, kunnen ma yana bukatar wanda zai tsirar da shi.